Agogo mai lambobi

Unguwar Kilomita Biyar tana cikin birnin Bangi, a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. An raɗa mata wannan suna ne don tana da nisan kilomita 5 daga tsakiyar gari. A nan babbar kasuwa da Babban Masallaci suke, kuma Hausawa da dama suna zaune a unguwar. A wasu shaguna da masallatai, akan rataye wani ɗan allo a bango. Agogo ne, amma ba shi da hannu. Lambobi ne ke haske a kansa, suna nuna awa da minti da kwanan wata.

Kowace lamba da ƴan sanduna 7 aka yi ta. In duka suka kama, sai a ga 8. In biyu na gefen dama kaɗai suka kama, sai a ga 1.

Allon nuni kawai yake yi. Mai ƙidayar yana bayansa: wani ɗan mitsitsin dutse ne, ana ce masa kwaz. In wuta ta ratsa shi, yana kaɗawa sau 32 768 a daƙiƙa ɗaya. Wani ɗan inji yana ƙirga kaɗawar. In daƙiƙa 60 ta cika, sai ya ƙara minti ɗaya. In tsakar dare ya yi, sai ya juya kwanan wata.

Karatunsa ba wuya. In awa ta wuce 12, sai a ɗebe 12. Ke nan 15:30 ƙarfe 3 da rabi ne na yamma. A kwanan wata kuwa, da Faransanci rana ce ke gaba, sannan wata: 13/08 shi ne 13 ga Agusta, ranar da ƙasar ta sami ƴancin kai a 1960.

A Bangi akan ɗauke wuta. Shi ya sa ake sa wa agogon ƙaramin batir, don ƙidaya ta ci gaba ko da allon ya mutu. In batirin ya ƙare, agogon yakan rikice. Mai azumin da ya dogara da shi zai iya shan ruwa kafin rana ta faɗi. Don haka mai hankali yakan daidaita agogonsa da na rediyo.

Kalmomi
agogo: horloge
daƙiƙa: seconde
batir: pile

Tambayoyi
1. Sanduna nawa ke kamawa in ana son a nuna 7?
2. Ƙarfe nawa ne 18:15?
3. Mene ne amfanin batir?