Yamaha MT-07: babur ɗin da ya ƙi shiga gasar ƙarfin doki

A watan Nuwamban 2013, a bikin baje-kolin babura na EICMA da ake yi duk shekara a birnin Milan na Italiya, kamfanin Yamaha ya fito da wani babur da in takardar bayanansa kaɗai za a duba, ba abin da zai ɗaga hankalin kowa. Inji mai silinda biyu, girmansa cc 689, ƙarfinsa bai wuce doki 75 ba. A lokacin Yamaha na da baburan da suka ninka wannan ƙarfi har da ragowa. Amma da aka fara sayar da MT-07 a 2014 sai ya shiga sahun baburan da suka fi ciniki a Turai, kuma yau, bayan fiye da shekara goma, kusan duk wani babban kamfani ya ƙera nasa irinsa don ya ƙwace masa kasuwa.

MT-07 na cikin rukunin da masu babura ke kira naked, wato tsirara. Babur ne da ba a sa masa rigar roba ba: inji a fili, lagireto a fili, ba gilashin tare iska, kan babur mai faɗi, mahayi na zaune a miƙe ba tare da ya kwanta a kan tanki ba. Matsakaici ne a cikin manyan babura. Sai dai kalmar "matsakaici" na iya yaudarar wanda ya saba da mashin mai cc 100 irin wanda ake acaɓa da shi, domin wannan bai kai doki 10 ba. MT-07 kuwa yana kai kilomita 100 a awa cikin kimanin daƙiƙa 4, kuma in aka sakar masa totur yana haura kilomita 200 a awa.

Sirrin yana cikin karanshaf

Duk labarin MT-07 ya ta'allaƙa ne a kan injinsa, wanda Yamaha ta sa wa suna CP2. A cikin kowace silinda akwai fistan da ke hawa da sauka, karanshaf kuma shi ne ƙarfen da ke mayar da wannan hawa da sauka ya zama juyi. A injin babur irin wannan, kowace silinda kan kunna mai sau ɗaya ne a duk juyi biyu na karanshaf, wato digiri 720. Tambayar da injiniya zai amsa ita ce: yaushe silinda ta biyu za ta kunna bayan ta farko?

Tsofaffin baburan Ingila masu silinda biyu, fistocinsu tare suke hawa, tare suke sauka. Yawancin na Japan kuma, irin su Kawasaki Z650, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, tsarin digiri 180 ke nan. Duka biyun suna da tarayya a abu guda: akwai lokacin da fistocin biyu ke tsayawa cik a tare kafin su juya, sai karanshaf ya sake fizgo su. Wannan tsayawa da tashi na haifar da wani ƙarfi na daban da ba daga ƙonewar mai ya fito ba, yana gauraya da abin da ke isa tayar baya.

CP2 na amfani da tsarin digiri 270. Lokacin da fistan guda ya kai ƙarshe ya tsaya, ɗayan yana tsakiyar hanya cikin gudu, don haka ba sa taɓa tsayawa tare. Silinda ta biyu na kunnawa digiri 270 bayan ta farko, sannan a yi dogon jira na digiri 450 kafin a sake zagayowa. Bugun ba daidai yake ba, gajere sai dogo, kamar kiɗan ganga. Shi ke ba babur ɗin ƙarar nan mai kauri irin ta injin Ducati mai siffar V, alhali ƙera shi ya fi araha, tunda silindodin na jere ne ƙarƙashin kai ɗaya. Abin da mahayi ke ji a hannu shi ne, gwargwadon yadda ya murɗa totur, gwargwadon yadda taya ke amsawa. Yamaha ba sabuwa ba ce a wannan dabara, ta yi amfani da ita a TRX850 tun tsakiyar shekarun 1990, kuma irin wannan tunani ne ta sa a babban babur ɗinta R1 a 2009, bayan ta gwada shi a gasar MotoGP.

Masu sayen waya sun san cewa yawan megafiksel ba shi ke nufin hoto mai kyau ba. Haka ƙarfin doki yake a babur. Lissafinsa ya dogara ne da abu biyu: ƙarfin murɗawa, wanda ake aunawa da Nm, da kuma yawan juyin inji a minti. Yamaha R6, babur na tsere mai silinda huɗu, yana ba da doki 118, amma sai injin ya kai juyi 14,500 a minti. Ƙarfin murɗawarsa kuwa bai kai Nm 62 ba, shi ma sai a juyi 10,500. MT-07 na 2021 yana da doki 73.4 kacal, amma yana ba da Nm 67 tun a juyi 6,500, kuma kaso mai yawa na wannan ƙarfi yana nan tun daga ƙasa. A filin tsere R6 zai bar shi a baya da nisa. A cikin gari kuwa, inda ake tashi daga danja, a kurɗa tsakanin motoci, a wuce babbar mota a giya ta huɗu ba tare da an sauko ba, MT-07 ne ya fi saurin amsa kira. Haruffan MT ɗin ma taƙaita laƙabin da Yamaha ke yi wa wannan jeri ne, ma'anarsa gwanin ƙarfin murɗawa.

Inda aka yi tsimi

Rabin nasarar na inji ne, sauran rabin na nauyi. MT-07 na farko kilo 179 ne da cikakken tanki. An kai ga haka ne ta hanyar rage ƙarfe: gangar jikin siraran bututun ƙarfe ne, injin da kansa na ɗaukar wani ɓangare na nauyin maimakon a rataye shi kawai, shokozobar baya kuma an kwantar da ita ta haɗu da jikin inji. Tsayin kujera milimita 805 ne, kuma siririya ce ta gaba, don haka mai matsakaicin tsayi na iya sauke ƙafa ƙasa. Tankin lita 14 ne. Da shan mai na kimanin lita 4.2 a kilomita 100 da Yamaha ta bayyana, cikawa ɗaya na iya kai mutum fiye da kilomita 300, in dai hannunsa na da haƙuri.

Da aka kai shi Amurka da sunan FZ-07, dala 6,990 aka sa masa. Irin wannan farashi ba ya samuwa sai an matse wani wuri, kuma shokozoba aka matse. Ta gaba irin ta gargajiya ce da ba a iya saita ta, ga ta da laushi. In aka kama birki da ƙarfi sai kan babur ya nutse, in aka shiga kwana da gudu a kan hanya mai gargada sai bayansa ya riƙa lilo, musamman idan mahayin na da jiki. Shekara da shekaru ƙorafin masu gwajin babura ke nan: inji ya fi ƙarfin abin da ke ɗauke da shi. Yamaha ta ɗan taurara shokozobar a 2018, a 2021 kuma ta ƙara girman faifan birkin gaba daga milimita 282 zuwa 298, ta sa fitilar LED mai ido ɗaya wadda har yau ba a gama gardama a kan kyanta ko muninta ba. Amma ainihin matsalar ta ci gaba da zama.

Abokan hamayya sun kwaikwayi darasin

A ƙarshen 2022 Honda ta bayyana CB750 Hornet, Suzuki kuma ta fito da GSX-8S. Dukansu silinda biyu ne, dukansu digiri 270. Hornet na da cc 755, doki kusan 92, Nm 75, nauyi kilo 190. GSX-8S na da cc 776, doki 83, Nm 78, sai dai ya fi nauyi, kilo 202. Kafin su, Triumph ta Ingila ta riga ta shigo da Trident 660 mai silinda uku da doki 81. A takarda, kowannensu ya fi MT-07 ƙarfi.

Ba haka kawai aka ga duk sun tsaya ƙasa da doki 95 ba. A ƙasashen Tarayyar Turai akwai lasisin matsakaici da ake kira A2, wanda matasa ke fara hawan manyan babura da shi. Mai wannan lasisi ba zai hau babur da ya wuce kilowat 35 ba, kimanin doki 47. An yarda a ɗauki babur mai ƙarfi a rage masa ƙarfi, amma da sharaɗin asalinsa bai wuce kilowat 70 ba. Dokar lasisi ce ta shata wa injiniyoyi iyaka.

An yi zaton Yamaha za ta mayar da martani da ƙarin girman inji. Samfurin 2025 ya zo da cc 689 ɗinsa da doki 73.4 ɗinsa, ko ɗaya ba a ƙara ba. Abin da ke kewaye da injin aka sauya: sabuwar gangar jiki mai tauri, shokozobar gaba irin ta juyayye mai kaurin milimita 41, birki mai kama faifai da kyau, da ƙafafun taya marasa nauyi. Duk da kayan da aka ƙara, nauyin ya tsaya a kilo 183, har yanzu ƙasa da na abokan hamayyarsa uku. Wannan zaɓi ya fi ƙarin doki goma amfani, domin mai MT-07 bai taɓa kukan rashin ƙarfi ba, kukansa a kwana yake. Sai dai fa a shagon dila, inda mai saye ke jera lambobi kamar yadda ake jera na wayoyi, 73 a gefen 92 ba ya daɗin gani.

Kwamfuta ta shiga tsakani

Har zuwa 2024, waya ce ta ƙarfe ke haɗa totur da inji. A samfurin 2025 na'urar lantarki ce ke karanta murɗin hannun mahayi, kwamfuta ta yanke shawarar iskar da za ta shiga. Wannan ne ya ba da damar saka yanayin tuƙi daban-daban, da kuma na'urar hana tayar baya sulɓi idan aka ba da wuta a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ko yashi. Ga sabon shiga, wannan ya fi kowane sauyi muhimmanci, domin ƙarfin murɗawar da ake yabo shi ne ke ɗaga tayar gaba sama a giya ta ɗaya idan hannu ya yi garaje. Akwai iyaka dai: babur ɗin ba shi da na'urar auna karkata, don haka birkinsa na ABS bai san ko a miƙe ake ko a cikin kwana ba. Trident 660 na 2025 yana da wannan na'ura.

Akwai kuma samfurin Y-AMT, wanda ba shi da hannun kuloci, ba shi da matakin giya. Ƙananan injinan lantarki ne ke kama kuloci su sauya giya, mahayi ya zaɓa: ko ya bar wa kwamfuta gaba ɗaya, ko ya riƙa sauyawa da yatsa a maɓallin hannun hagu. Kilo 3 kawai ya ƙara wa nauyin. Tsofaffin hannu na yi masa kallon raini, amma duk wanda ya taɓa matse kuloci na tsawon awa guda a cunkoso zai fahimci dalilinsa.

Allon gaba mai launi ne, inci 5, yana haɗuwa da waya ta manhajar MyRide ya nuna kira da saƙonni, yana kuma nuna hanya ta manhajar Garmin StreetCross. Amfanin wannan ya wuce ado. A watan Satumban 2021 kamfanin Apple ya gargaɗi masu iPhone da kada su ɗaura wayoyinsu a kan manyan babura, saboda girgizar inji na iya lalata na'urar da ke hana hoton kyamara rawa. In taswira na kan allon babur, waya na iya zamanta a aljihu.

MT-07 babur ne na kwalta mai kyau. Tayoyinsa inci 17 ne, salansa na ƙarƙashin ciki, tazararsa da ƙasa kaɗan ce, ramin da ƙaramin mashin zai tsallake ba tare da damuwa ba yana iya lanƙwasa masa ƙafar taya. Rashin riga kuma na nufin da zarar an wuce kilomita 120 a awa, ƙirjin mahayi da wuyansa ne ke tare iska. Don haka Yamaha ta ɗauki injin CP2 ɗin ta rarraba shi: Tracer 7 mai gilashi don doguwar tafiya, XSR700 mai siffar baburan da, R7 mai cikakkiyar riga, sai Ténéré 700 mai tayar gaba inci 21 da tazarar milimita 240 daga ƙasa, wanda aka ƙera domin burji da rairayi, aka kuma sa masa sunan hamadar Tenere ta arewa maso gabashin Nijar.