Daga ganye zuwa ƙwaya: Yadda ake gwada tsirrai don neman maganin zazzaɓin cizon sauro

Da zarar damina ta kankama, zazzaɓi kan shiga gida-gida, iyaye mata kuma su ɗora tukunyar ganyen darbejiya da na gwanda da na mangwaro domin surace ko sha. Wasu kan ji sauƙi, wasu kuma sai an kwashe su zuwa asibiti.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, sun nuna cewa a shekarar 2023 an samu kamuwa da maleriya kusan miliyan 263 a duniya, mutum kusan 597,000 kuma suka rasu. A waccan shekarar, Najeriya kaɗai ta ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwar.

Masana ba su raina ganye ba, domin manyan magungunan cutar biyu daga tsirrai suka fito. An tace kwinin daga ɓawon itacen sinkona a Faransa a 1820, sinadarin atemisinin kuma daga wani tsiro ɗan dangin tazargade. Abin da ya mayar da su magani shi ne gwajin da suka tsallake.

Samfuri na 191

A 1967 gwamnatin ƙasar Sin ta ƙaddamar da wani shiri na sirri, Shiri na 523, saboda maleriya na kwantar da sojoji a yaƙin Biyetnam, kuma kulorokwin ya fara gazawa. A 1969 aka ɗora wa wata mai bincike, Tu Youyou, jagorancin wata tawaga.

Tawagar ta tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000, ta gwada ruwan da aka tatso daga tsirrai kusan 200 a kan ɓeraye. Tsiron Artemisia annua ya riƙa yi musu wasa da hankali: yau ya yi aiki, gobe ya ƙi.

Wani littafin likitanci na ƙarni na huɗu, wanda Ge Hong ya rubuta, shi ya warware matsalar. A cikinsa jiƙa ganyen ake yi a matse, ba a tafasawa. Tu Youyou ta yi zargin cewa zafi ne ke lalata sinadarin, sai ta sauya hanyar tatsa zuwa wadda ba ta buƙatar zafi mai yawa. A watan Oktoban 1971 samfuri mai lamba 191 ya kawar da ƙwayoyin cutar gaba ɗaya a jikin ɓeraye, daga baya kuma a jikin birai. Ita da abokan aikinta suka fara sha kafin a bai wa marasa lafiya. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel.

Matakan da ganye ke bi

Da farko akan tabbatar da ainihin tsiron, domin suna ɗaya kan hau tsirrai daban-daban daga gari zuwa gari. Sai a busar, a daka, a tatso da ruwa ko wani sinadari.

Daga nan a zuba shi a kan ƙwayar cutar Plasmodium falciparum da aka raina a cikin jinin ɗan Adam a ɗakin gwaji, a ga ko zai hana ta hayayyafa. Idan ya yi, sai a koma kan ɓeraye: a sa musu nau'in maleriyar ɓera, a ba su maganin kwana huɗu, sannan a ƙirga ƙwayoyin da suka rage a jini. A kuma duba ko ya taɓa hanta ko ƙoda.

Mataki na ƙarshe, wato gwaji a kan mutane, shi ne mafi tsada. A nan ne yawancin binciken da ake yi a jami'o'in Afirka kan tsaya: sakamakon ɓeraye ya yi kyau, a buga shi a mujalla, kuɗi su ƙare.

Mali ta bi ta wata ƙofa

A yankin Sikasso na ƙasar Mali, masu bincike sun fara ne daga mutane. Sun bi iyalai suna tambayar abin da aka bai wa mai zazzaɓi da yadda ya ƙare. Ganyen Argemone mexicana, wani tsiro mai ƙaya da rawayar fure, ya fi sauran sakamako mai kyau.

Sai aka kwatanta dafaffen ruwansa da maganin asibiti a kan marasa lafiya kusan 300. Sakamakon da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa bayan kwana 28, kashi 89 cikin 100 na waɗanda suka sha ganyen ba su buƙaci wani magani ba, yayin da na asibiti ya kai kashi 95. Sai dai ƙwayar cutar ta ci gaba da zama a jinin da yawa daga cikinsu, kuma 'ya'yan tsiron guba ne.

Me ya sa ake gaggawa?

Najeriya ta bar kulorokwin ta koma haɗin magungunan atemisinin, ACT, a 2005. Yanzu kuma an tabbatar ƙwayar cutar ta fara jure wa atemisinin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya.

Shi ya sa a 2019 WHO ta ce ba ta goyon bayan shan Artemisia a matsayin shayi ko gari. Yawan sinadarin kan bambanta gwargwadon ƙasa da lokacin girbi da yadda aka ajiye ganyen. Abin da bai kai adadi ba zai iya sauke zafin jiki ya bar ƙwayar cutar da rai, ta kuma koyi jurewa.

A Najeriya, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja na aiki a kan tsirran gida, yayin da NAFDAC ke rajistar magungunan gargajiya. Amma lambar rajista ta farko na nufin an duba cewa maganin ba ya cutarwa ne, ba shaidar yana warkarwa ba ce.

Shawarar likitoci dai ba ta sauya ba: duk wanda zazzaɓi ya kama, musamman yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ko mai juna biyu, a yi masa gwajin jini cikin awa 24, idan maleriya ce ya shanye maganinsa na kwana uku.