Binne waya a bango da ƙara soket: inda kyau ke karo da hatsari

Yawancin gidajen da aka yi wa wayarin shekaru talatin ko arba'in da suka wuce, soket ɗaya aka bar wa kowane ɗaki, domin a lokacin rediyo ne da fanka, sai dutsen guga a gidan mai hali. Yau ɗakin nan ne ake yi wa amarya jere a cikinsa: talabijin, dikoda, firji, butar lantarki, ga cajar waya ta kowa da kowa. Sai a sayo doguwar waya mai baki huɗu ko shida a jona, idan ta cika a jona wata a jikinta, sannan a tura tarkacen bayan kujera ko ƙarƙashin kafet don kada baƙi su gani. A nan matsalar take farawa, domin wayar da aka rufe da kafet ba ta shan iska, ana taka ta, robarta na gogewa, kuma babu mai ganin ranar da ta fara narkewa.

Lissafin ba shi da wuya. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, soket ɗinmu mai ƙafa uku kuma gadon Ingila ne, inda aka fito da shi a 1947. An yi shi ne ya ɗauki amfiya 13, wato kusan wat 3,000. Butar lantarki kaɗai na iya cin wat 2,000, dutsen guga ya haura 1,000. Idan aka haɗa su a baki ɗaya an ƙure soket ɗin bango, balle siririyar wayar da aka sayo a bakin titi. Da hunturu, lokacin da hitar ruwa ke shiga kowane bokiti, abin ya fi muni.

Turawan da suka tsara wannan filogi sun sa masa fiyus a ciki, sun kuma yi wa ramukan soket ɗin murfi wanda ba ya buɗewa sai doguwar ƙafar sama ta shiga, saboda yara. Mu kuwa mun san yadda muke yi da shi. A zura murfin biro a ramin sama, a cusa filogi mai ƙafa biyu irin na Faransa da ake amfani da shi a Nijar. Ko kuma filogin ya fashe, a feƙe bakin waya, a soka tsirararta a rami, a toshe da tsinken ashana. Duk inda mahaɗa ta yi sako-sako wuta na tartsatsi, wurin ya yi zafi, kuma alamarsa ita ce baƙin tabo a fuskar soket da warin roba.

Maganin dai a ƙara soket, amma a ƙara shi da ilimi. Hanya biyu ce. Ko dai a bi saman bango, ko a fasa bango a binne bututun roba, a zura waya a ciki, a mayar da filasta. Masu gida sun fi son ta biyu don ta fi kyan gani, kuma ga mai sabon gini ita ce daidai: a sa bututun tun kafin a yi yaɓe, a ƙirga soket da yawa fiye da buƙatar yau. Wanda ya yi rowar soket biyu a lokacin gini zai biya kuɗin fasa bango da fenti daga baya.

Tsohon gini ne ke buƙatar natsuwa. Bulon inci shida rami ne a cikinsa, fatarsa ba kauri, idan aka bi shi a kwance da guduma an raunana bangon. Ƙa'idar Ingila ta ce zurfin hanyar da aka haƙa a tsaye kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin bango, a kwance kuma kashi ɗaya cikin shida. Ginshiƙi da kankaren saman ƙofa ba a taɓa su sam. Abu na biyu, wanda ƙananan masu wayarin suka fi karyawa don tsimin waya, shi ne hanyar da wayar za ta bi. Daga soket ko makunni, waya ta miƙe sama, ko ƙasa, ko gefe a kan layi, ba a karkace ba. Dalili shi ne wanda zai zo bayan shekara biyar ya kafa ƙusar agogo ko ya huda bango don rataye talabijin, ya kalli soket ya gane inda ba a taɓawa. Kafin a shafe da siminti, mai gida ya ɗauki hoton bangon da wayarsa ya adana. Kada kuma a yarda a binne waya tsirara a cikin filasta ba bututu, ko a binne mahaɗar da aka naɗe da baƙin salatif. Kowace mahaɗa ta kasance cikin akwati mai murfi da za a iya buɗewa.

A ganina, ɗan haya da mai ginin ƙasa su haƙura da fasa bango. Akwai farar kwatar roba mai murfi da ake kafawa a jikin bango, waya ta kwanta a ciki, a bi da ita ta gindin bango ko gefen ƙofa, a shafa mata fenti. Ba ta kai binnewa kyau ba, amma ana buɗe ta a duba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kaurin waya. Mai lamba 1.5 ta fitilu ce, soket 2.5 yake so, na'urar sanyaya ɗaki da tukunyar ruwan zafi a ja musu layinsu daban daga akwatin rarraba wuta, galibi da mai lamba 4. Jawo sabon soket daga wayar ƙwan fitila, don ita ce kusa, ganganci ne. Haka sa babbar bireka a kan ƙaramar waya don ta daina faɗuwa: ita bireka wayar take karewa, idan ta ƙi faɗuwa wayar ce za ta ƙone a cikin bango. Kasuwa kuma cike take da jabu, alminiyam da aka shafa wa ruwan jan ƙarfe. A kankare bakin wayar da wuƙa, idan fari ya bayyana a ajiye ta. Ana yin waya mai kyau a cikin ƙasar nan, a Legas da Nnewi, sai dai sunayen masu kyan ne ake kwaikwaya, don haka a saya wurin dila sananne.

Wayar ƙasa, koriya mai ratsin rawaya, ita ake fara yankewa idan ana son rage kuɗi, tunda kaya na aiki ko babu ita. Amma ita ce ke janye wuta idan ta zubo jikin firji, ta sa bireka ta faɗi kafin hannun yaro ya kai. A haɗa ta da na'urar da ke yanke wuta da zarar ta ji yoyon miliamfiya 30, musamman a layin kicin da banɗaki. Gidan da ke da janareta ko sola kuwa, kashe wutar kamfani bai isa ba, sai an tabbatar kowace hanya a kashe take kafin a taɓa waya.

Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu aikin wayarin shaidar ƙwarewa a Nijeriya. Kafin ka miƙa wa mutum bangon ɗakin da iyalinka ke kwana, ka nemi ganin tasa.