Yadda guba ke tara kitse a hanta

Da yawa sun ɗauka kitsen hanta ciwon masu ƙiba ne. Amma likitoci kan gan shi a jikin ramammu ma, idan guba ta taɓa hantarsu. Hantar baligi takan kai kilo ɗaya da rabi, kuma da zarar kitse ya haura kashi 5 cikin 100 na nauyinta, an shiga matsala.

Hanta zango ce ga kitse, ba mazauni ba. Jini ke kawo mata shi. Wani ta ƙona shi don samar da kuzari, saura ta haɗa shi da furotin ɗin da take ƙerawa, ta mayar cikin jini zuwa sauran jiki. Guba kan toshe ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu.

Hanyar fitarwa an fi fahimtarta ta sinadarin kabon tetirakulorayid, wanda a da ake wanke tufafi da kashe gobara da shi. Hanta da kanta ke ƙara masa dafi: garin ƙoƙarin narkar da shi sai ta mayar da shi wani abu mai cinye maiƙon bangon ƙwayoyinta, kamar yadda binciken Richard Recknagel ya nuna a Amurka a shekarun 1960. Sashen da ke ƙera furotin ya lalace, kitse ya rasa abin da zai ɗauke shi, tamkar kaya a tasha babu 'yan dako. Cikin 'yan sa'o'i ɗigon kitse ya fara taruwa.

Barasa kuwa ƙonawar take hanawa. Hanta ta shagala da sarrafa ta, ta bar kitsen da ke hannu, har ta ƙara ƙera sabo. Tsaikon ƙonawa ne kuma ke bayan ciwon da likita Douglas Reye ya bayyana a Ostareliya a 1963, wanda daga baya aka danganta da bai wa yara asfirin lokacin mura ko ƙarambau.

Wadda ta fi kusa da rumbunanmu ita ce afulatoksin, gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. An gano ta ne bayan talo-talo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sanadin abincin da aka haɗa da gyaɗar Burazil. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta gurɓatacciyar masara. Tarin kitse na cikin abin da akan tarar a hantar wanda ta kama da ƙarfi.

Kitsen kansa yakan janye idan gubar ta yanke. Mai shan barasa da ya daina kan ga sauƙi cikin makonni. Idan gubar ta ci gaba, kumburi ya biyo baya, sannan tabo, har hanta ta ƙanƙance. A farkonsa tarin kitsen ba ya yawan nuna alama, sai gwajin jini ko hoton ciki. Shi ya sa busar da amfanin gona sosai kafin a zuba a buhu, da barin shan magani barkatai, suka fi jiran ranar da idanu za su yi rawaya.