Horar da ma'aikatan jami'o'in gwamnati: Daga ina kuɗin ke fitowa, kuma wa ke amfana?

Da zarar an ambaci ma'aikatan jami'o'in gwamnati a Najeriya, abin da ke fara zuwa wa jama'a a rai shi ne albashi da yajin aiki, musamman na wata takwas da malamai suka yi a 2022. Sai dai akwai batun da ba a cika jin amonsa ba, alhali a kansa darajar digirin da iyaye ke kashe wa kuɗi ta dogara, wato ƙarin ilimi da horon da ma'aikaci ke samu bayan an ɗauke shi aiki.

Manyan ƙungiyoyi huɗu ne suka daɗe suna wakiltar waɗannan ma'aikata. ASUU, wadda aka kafa a 1978, ta malamai ce. SSANU da NASU na waɗanda ba sa koyarwa ne, kamar ma'aikatan ofishin rajista da na kuɗi, yayin da NAAT ke wakiltar ƙwararrun da ke kula da ɗakunan gwaje-gwaje.

Babbar rijiyar da ake ɗibar kuɗin horon ita ce Asusun TETFund. Asalinsa yarjejeniyar da ASUU ta ƙulla da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ce a 1992, wadda ta haifar da dokar 1993 da ta ɗora wa kamfanoni harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A 2011 aka taƙaita asusun ga manyan makarantun gwamnatin tarayya da na jihohi, sannan a 2023 harajin ya kai kashi 3. Jami'o'i ke ɗaukar rabin abin da ake rabawa, kwalejojin kimiyya da fasaha da na horar da malamai su raba sauran daidai.

Da wannan kuɗi ake tura malamai karatun digiri na biyu da na uku, bisa sharaɗin su dawo su yi wa jami'arsu aiki na wani wa'adi. Ana kuma biya wa ma'aikata kuɗin halartar tarukan ƙara wa juna sani.

Buƙatar a bayyane take. Kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta a 2012 ya gano cewa kusan kashi 43 cikin 100 ne kawai na malaman jami'o'in gwamnati ke da digiri na uku.

Matsaloli biyu ne ke yi wa shirin tarnaƙi. Ta farko ita ce ta waɗanda ke tafiya ba su dawo ba. Wannan, haɗe da faɗuwar darajar Naira, ya sa TETFund ta dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga farkon 2025. Ta biyu kuwa ita ce rabon da ya karkata ga malamai, domin tallafin manyan digirori nasu ne, sauran ma'aikata kuma ƙaramin kaso suke samu a tarukan bita.

Illar hakan kan ɗalibi take ƙarewa. Na'urar da aka sayo da miliyoyin Naira za ta yi ƙura matuƙar ba a koya wa mai kula da ita sarrafa ta ba. Haka ma wanda ya kammala karatu zai iya shafe watanni yana jiran takardar sakamakonsa idan ofishin rajista bai ƙware da kwamfuta ba.

A nan ne muradun ƙungiyoyin huɗu suka haɗu, duk da saɓanin da kan taso tsakaninsu wajen rabon alawus. Dukkansu na buƙatar kayan aiki, da zaɓen waɗanda za a horar a fili ba tare da sanayya ba, da albashin da zai riƙe wanda aka horar kada ya tsallake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jami'ar da ta horar da malami ta bar mai ɗakin gwaji, rabin aiki ta yi.