3.2 Tabbatar da Alaƙar Nakasa da Aikin Soja a Amurka

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan yadda tsohon soja yake tabbatar wa Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ta Amurka cewa nakasarsa ta samo asali ne daga aikin soja. Idan ba a tabbatar da wannan alaƙa ba, ba a biyan diyya, komai tsananin nakasar.

3.2.1 Sharuɗɗan da Ake Cikawa

Hukuncin da kotun ɗaukaka ƙarar tsofaffin sojoji ta yanke a shari'ar Caluza a 1995 ya fayyace sharuɗɗa uku:

(a) Mai neman diyya yana da nakasa a halin yanzu.
(b) Wani rauni ko ciwo ya same shi lokacin da yake bakin aiki.
(c) Akwai hujjar da ta danganta na farko da na biyu, galibi ra'ayin likita.

Sharaɗi na uku shi ne ya fi wahalar cikawa, domin wasu cututtuka ba sa bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Haka kuma takardu kan salwanta. Alal misali, gobarar da ta tashi a ma'ajiyar bayanai ta birnin St. Louis a watan Yuli na 1973 ta cinye fayilolin soja tsakanin miliyan 16 zuwa 18. A irin wannan hali akan karɓi rubutacciyar shaidar abokan aiki ko ta iyali.

3.2.2 Sassaucin da Doka ta Yi

Na farko, ba a buƙatar cikakken tabbaci. Idan hujjojin ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki, tsohon soja ake bai wa gaskiya. Na biyu, akwai cututtukan da doka ta ɗauka cewa aikin ne ya jawo su. Dokar Agent Orange ta 1991 ta tanadi haka ga waɗanda suka yi aiki a Vietnam tsakanin 1962 da 1975, inda aka fesa sinadarin kashe tsirrai. Dokar PACT ta 2022 kuwa ta haɗa da waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan. A nan ya isa mutum ya nuna yana da ciwon, kuma ya yi aiki a wurin a lokacin da doka ta ƙayyade.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa doka ta rage wa tsohon soja nauyin kawo hujja ne a inda neman ta ya fi ƙarfinsa.