Me Ya Sa Sabis Ke Gudu Da Zarar Ka Shiga Ɗaki?

Da yawanmu mun saba da wannan: a ƙofar gida 4G cike, kana shiga ɗaki sai ya koma sanda ɗaya, saƙon WhatsApp ya tsaya da alamar agogo. Sai mu hau zagin kamfanin layi, alhali sau da yawa ginin da muke ciki ne ke cinye sabis ɗin.

Sabis da Wi-Fi duk igiyoyin rediyo ne, kuma duk abin da suka ratsa sai ya rage musu ƙarfi. Katako, silin da gilashin taga na gama-gari kaɗan suke ci. Bulon siminti ya fi su ci, musamman mai inci 9 da aka cika ramukansa da kankare. Katangar ƙasa mai kauri ma tana ci, kuma abin ya fi muni da damina, domin ruwa na shanye igiyoyin.

Babban abokin gaba shi ne ƙarfe, don shi mayar da igiyar baya yake yi. Rufin kwano, ƙofar ƙarfe, ragar sauro ta ƙarfe, har babban madubi, tunda bayansa shafen ƙarfe ne. Dekin kuwa ya haɗa biyu: kankare mai kauri, ga rodi a saƙe a cikinsa kamar raga. Shi ya sa a gidan bene za ka ajiye rauta a ƙasa, na sama yana kanta daidai amma bidiyo na ta juyawa.

Kada ka yarda da sandunan saman allo, kowane kamfanin waya da yadda yake lissafa su. A Android shiga Settings, About phone, ka nemi SIM status, za ka ga Signal strength da lamba kamar -85 dBm (wurin yana ɗan bambanta daga waya zuwa waya). A iPhone danna *3001#12345#* ka kira. A 4G, -80 sabis ne mai kyau, -100 na lallaɓawa, -115 kuwa sai haƙuri. Duk raguwar 10 na nufin ƙarfin ya ragu sau goma, wato daga -80 zuwa -100 ya ragu sau ɗari. Na gwada a gidanmu, tsakar gida da ƙuryar ɗakina kamar gari biyu ne. A nan na gane dalilin da aikin da nake turawa GitHub ke maƙalewa sai na fito waje.

Akwai kuma batun mita. Ƙaramar mita ta fi ratsa bango, babba ta fi gudu amma bango na saurin kashe ta. Idan rautarka na ba da 2.4GHz da 5GHz, yi amfani da 5GHz a ɗakin da take, ka koma 2.4GHz idan akwai bango biyu ko uku a tsakani. Haka 5G na Najeriya da ke kan 3.5GHz, ya fi jin daɗin bakin taga.

Idan gidan haya kake, ɗaga rauta ko MiFi sama kusa da tagar da lambar ta fi kyau. Raba ta da bayan talabijin, firji da tankin ruwa.

Idan kuwa ana gini a gidanku, yi magana tun kafin a yi filasta. Lokacin da mai wayarin ke fasa bango yana binne fayif, a ƙara fayif ɗaya na wayar intanet, daga inda rauta za ta zauna zuwa sama da ɗakunan nesa. Wayar Cat6 na kai mita 100 ba tare da matsala ba, dekin kuma bai dame ta ba. Kada a cusa ta fayif ɗaya da wayar wuta, akwai haɗari, kuma tana iya kawo tangarɗa. A sa soket a sama a tsakiyar gida, idan akwai sola ko inbata a haɗa shi da layinsu don kada intanet ya tafi tare da NEPA. Mai gidan zai iya cewa ɓarnar kuɗi ce. Nuna masa kuɗin fayif ɗaya, sannan ka tambayi birkila nawa zai karɓa ya fasa bangon da aka riga aka yi wa fenti ya sake gyarawa.